Taƙaitaccen Tarihin Marigayi Alhaji Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato (1910–1966)

A ƙarnin da ya gabata, gidajen sarauta na ƙasar Hausa da Barno sun yi arangama da abubuwa biyu waɗanda kakanninsu ba su san su ba, wato mulkin Turawa da siyasar jam'iyyu. Waɗansu gidajen sun rushe, waɗansu sun tsira da rawani kawai, waɗansu kuwa sun fitar da ƴaƴan da suka shiga sabon fagen suka yi fice a cikinsa. A cikin irin waɗannan ƴaƴan sarakuna babu wanda sunansa ya yi nisa kamar Alhaji Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, Firimiyan Jihar Arewa ta Najeriya. Ya nemi gadon kakanninsa bai samu ba, sai Allah ya ba shi mulkin da ya fi masarautar Sakkwato faɗi, har ya kasance sarakunan da yake cire takalmi ya gaishe su a fada suna ƙarƙashin gwamnatinsa a Kaduna.

Ko da yake a Najeriya ya yi mulki, labarinsa bai tsaya a bakin iyaka ba. Mutanen Gure da sauran ƙasar Muniyo da Damagaram, waɗanda fatakensu ke kai kanwa da dabbobi kasuwannin Nguru da Kano, sun san zamaninsa, kuma sun ga yadda ya riƙe sarauta da hannu ɗaya, siyasa da ɗaya hannun. Saboda haka tarihinsa abin dubawa ne ga duk gidan sarautar da ke waiwayen shekara ɗari.

Asalinsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Ahmadu a garin Raba, gabas da birnin Sakkwato, a shekarar 1910, shekara bakwai bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato. Mahaifinsa shi ne Ibrahim, Sarkin Raba, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Raba, ɗan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ke nan tsakaninsa da Shehu Mujaddadi mutum uku ne kacal. Wannan salsala ita ce jarinsa na farko, kuma har ƙarshen rayuwarsa bai taɓa sakin ta ba.

Yana ɗan shekara shida mahaifinsa ya rasu, ya tashi a hannun mahaifiyarsa da danginsa. Ya fara karatun allo a Raba, daga nan aka kai shi makarantar lardi ta Sakkwato, a lokacin da yawancin iyaye ke ɓoye ƴaƴansu kada a kai su makarantar boko. A 1926 ya wuce Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, inda ya yi shekara biyar. Wannan kwaleji ce ta tara samarin da daga baya suka riƙe Arewa: Abubakar Tafawa Ɓalewa daga Bauci, Kashim Ibrahim daga Barno, Aliyu Makaman Bida daga ƙasar Nufe, Isa Kaita daga Katsina. Zumuncin da suka ƙulla a ɗakin karatu da filin wasa shi ne daga baya ya zama ginshiƙin gwamnati.

Da ya kammala a 1931 sai ya koma Sakkwato yana koyarwa a makarantar midil. Bayan shekara uku, a 1934, Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya naɗa shi Sarkin Raba, ya hau kujerar mahaifinsa yana da shekara ashirin da huɗu. A nan ya koyi aikin hakimi tun daga tushe: ƙidayar masu biyan haraji, bin Fulani don jangali, sasanta rikicin gona, da kai rahoto ga Di'o. Yana daga cikin hakimai ƙalilan na lokacin da ke iya magana da Bature ba tare da tafinta ba.

Takarar Gadon Sarkin Musulmi

A 1938 Sarkin Musulmi Hasan ya rasu. Sarkin Raba Ahmadu, duk da ƙarancin shekarunsa, yana cikin waɗanda suka sa rai. Masu zaɓen sarki da Turawa suka tsayar da ɗan'uwansa Abubakar, wanda shi ma jinin Muhammadu Bello ne ta wajen Sarkin Musulmi Mu'azu, kuma a lokacin shi ke riƙe da sarautar Sardauna. Da Abubakar ya hau gado sai ya naɗa Ahmadu Sardauna, sarautar da a dā mai ita ke jan ƴaƴan sarki a fagen fama. Aka sa shi a majalisar Sarkin Musulmi, aka kuma tura shi Gusau ya lura da gundumomi 14 na gabashin ƙasar.

Naɗin girmamawa ne, amma kowa ya san nisan Gusau da fada. Masu kai da kawo suka shiga tsakanin ƴan'uwan biyu. A 1943 aka tuhumi Sardauna da cin kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta same shi da laifi, ta yanke masa ɗaurin shekara ɗaya. Maimakon ya rusuna ya nemi afuwa kamar yadda aka saba, sai ya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu a Zariya, kotun kuma ta wanke shi. A zamanin da hukuncin fada ke zama ƙarshen magana, wannan abu ya girgiza ƙasa. Samarin da suka yi boko, har da waɗanda daga baya suka zama abokan hamayyarsa, suka ɗauke shi gwarzon da ya tsaya wa zalunci.

Bayan shari'ar an sasanta, ya dawo Sakkwato ya zama babban sakataren En'e, wato hukumar gargajiya ta Sarkin Musulmi. Amma darasin ya zauna masa. Ya ga da idonsa abin da ikon sarki ke iya yi wa ɗan sarki ma, balle talaka, in babu wata hukuma a samansa. A 1948 ya tafi Ingila ya yi nazarin yadda ake tafiyar da ƙananan hukumomi, ya dawo da ra'ayin cewa dole a gyara En'e tun kafin guguwar zamani ta tumɓuke ta.

Shigarsa Siyasa

A 1949, bayan rasuwar Wazirin Sakkwato Abbas, aka zaɓi Sardauna ya maye gurbinsa a Majalisar Wakilai ta Arewa a Kaduna. A shekara mai bi ya halarci babban taron Ibadan kan tsarin mulki, inda wakilan Arewa suka kafe sai an ba jiharsu rabin kujerun majalisar tsakiya, suka kuwa samu.

A wannan lokaci ne jam'iyyu suka kunno kai. A watan Agusta na 1950 aka kafa NEPU a Kano, jam'iyyar da Malam Aminu Kano ya zama jagoranta, wadda ta ce talakawa ba za su sami ƴanci ba sai an karya ikon sarakuna. A 1951 ƙungiyar Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta faro a matsayin taron ƴan boko, ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa, wato NPC. Sarakuna da farko sun yi ɗari-ɗari da ita, don ba su yarda da malaman makaranta masu yawan tambaya ba. Shigar Sardauna ce ta kwantar musu da hankali: jikan Shehu ba zai rushe gidan Shehu ba. Kalmar NPC ita ce Salama, ta NEPU kuwa Sawaba.

A 1952 ya zama ministan ayyuka na Arewa, daga baya aka ba shi ma'aikatar ƙananan hukumomi. A watan Maris na 1953, a majalisar Ikko, Anthony Enahoro ya kawo shawarar a ba Najeriya mulkin kai a 1956. Sardauna ya nemi a cire shekarar, a bar abin sai lokacin da ya dace, domin Arewa ba ta da isassun ma'aikatan da za su karɓi aiki daga Turawa, kuma yana tsoron in an yi gaggawa Bature zai tashi mutumin Kudu ya zauna. Taron jama'a ya yi wa wakilan Arewa ihu a titunan Ikko. Watanni biyu bayan haka rikici ya ɓarke a Kano, aka kashe mutum 36 bisa lissafin hukuma. Arewa ta kusa ɓallewa. Abin da ya tsayar da ita shi ne sabon tsarin tarayya na 1954, wanda ya ba kowace jiha gwamnatinta mai ƙarfi.

A 1954 aka zaɓe shi shugaban NPC, kuma ranar 1 ga Oktoba na shekarar ya zama Firimiyan Jihar Arewa na farko. Da aka buɗe kujerar Firayim Ministan tarayya a 1957, bai nema ba. Mataimakinsa a jam'iyya, Abubakar Tafawa Ɓalewa, shi ya hau. Haka aka sake yi bayan zaɓen Disamba na 1959, wanda NPC ta ci kujeru 134 cikin 312. Shugaban jam'iyyar da ta fi kowace ƙarfi a ƙasar ya zaɓi zaman Kaduna a kan Ikko. Ranar da ya zaɓa Arewa ta karɓi mulkin kanta ita ce 15 ga Maris, 1959, shekara hamsin da shida daidai da ranar da Sakkwato ta faɗi a hannun Turawa.

Aikinsa na Firimiya

Babbar manufar gwamnatinsa ita ce mayar da aikin gwamnati hannun ƴan Arewa. Ƙa'idar ita ce in akwai ɗan Arewa da ya iya aiki a ba shi. In babu, a ɗauki baƙo na ɗan lokaci har a horar da ɗan gida. Mutanen Kudu sun ga wariya ce, shi kuwa yana ganin kariya ce ga jihar da aka bari a baya wajen boko. Aka faɗaɗa Makarantar Koyon Mulki ta Zariya, aka tura samari Ingila da sauran ƙasashe, aka riƙa bin makarantun sakandare ana kwaɗaita wa ɗalibai shiga aikin soja.

A zamaninsa aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, aka kafa Bankin Arewa da hukumar raya tattalin arzikin jiha, wadda ke juya rarar kuɗin gyaɗa da auduga zuwa masana'antu. A 1962 gidan rediyo da talabijin na Kaduna ya fara aiki, muryarsa kuwa ta ratsa iyaka har ƙauyukan Nijar. Ranar 4 ga Oktoba, 1962, aka buɗe jami'ar Zariya wadda ke ɗauke da sunansa. Jaridar New Nigerian ta fara fitowa ranar 1 ga Janairu, 1966, mako biyu kafin rasuwarsa. A 1961 kuma, bayan ƙuri'ar raba gardama, arewacin Kamaru da ke hannun Ingila ya zaɓi shiga Najeriya, aka sa masa suna Lardin Sardauna.

Wani aiki mai wuya da ya sa gaba shi ne gyaran shari'a. Turawa da ƙabilun da ba Musulmi ba sun nuna damuwa kan kotunan alƙalai kafin a ba da ƴanci. A 1958 ya gayyato kwamitin masana, ciki har da Alƙalin Alƙalan Sudan da wani babban alƙali daga Pakistan, suka ba da shawarar da ta haifar da kundin hukunta laifuka na bai ɗaya, wanda ya fara aiki a 1960. Aka bar wa Shari'ar Musulunci al'amuran aure da gado da makamantansu, aka kafa mata kotun ɗaukaka ƙara. Malamai da yawa ba su so ba, kuma ba don wanda ya kawo maganar jinin Shehu ba ne, da wuya ta wuce.

Haɗa Sakkwato da Barno

Jihar Arewa ba ƙasar Sakkwato kaɗai ba ce. A gabashinta akwai Barno, daular da ba ta taɓa bin tutar Shehu Usmanu ba, wadda ikonta a ƙarni na sha tara ya kai har Muniyo da Damagaram. Muhammadu Bello da Shehu Muhammadul Amin na Barno, wanda ake kira Shehu Laminu, sun yi musayar wasiƙu suna jayayya kan halascin jihadi, dakarunsu kuma sun gwabza. Jikan Bello ya gane cewa Arewa ba za ta tsaya da ƙafa ɗaya ba. Ya girmama Shehun Barno a Majalisar Sarakuna a matsayin na biyu ga Sarkin Musulmi, ya jawo ƴan Barno cikin gwamnati, kuma a 1962, da Gwamna Bature na ƙarshe ya tafi, Wazirin Barno Kashim Ibrahim ne ya zama Gwamnan Arewa. Ɗan Barno a gidan gwamna, ɗan Sakkwato a ofishin Firimiya, ɗan Bauci a Ikko: haka aka raba nauyin.

Haka nan ya jawo Kiristocin tsakiyar ƙasar. Michael Audu Buba na Filato ya yi minista a gwamnatinsa, Sunday Awoniyi na ƙasar Kabba ya yi aiki a kusa da shi a ofis. Sai dai ba kowa ya shiga inuwar ba. A ƙasar Tibi, inda jam'iyyar Joseph Tarka ke neman a ba su jiharsu, an yi tarzoma mai muni a 1960 da 1964, har sai da aka kai soja.

Sardauna da Sarakuna

A nan ne tarihinsa ya fi shafar gidajen sarauta. Turawa sun mulki Arewa ta hannun sarakuna, suka bar musu kotu da gidan yari da ƴan doka da baitulmali. Sardauna bai karɓe musu waɗannan ba, kuma ya hana abokan hamayya su taɓa su. Ya kiyaye Majalisar Sarakuna, ya naɗa waɗansu manyansu ministoci marasa ma'aikata, ya riƙa zuwa fada da kansa cikin alkyabba da rawani yana kai gaisuwa. Amma a hankali ya riƙa ɗaure ikonsu da doka. Tun farkon shekarun 1950 aka daina ɗaukar sarki shi kaɗai a matsayin hukuma, sai sarki tare da majalisarsa, dokar En'e ta 1954 kuma ta tabbatar da haka. A 1962 aka yi dokar da ta ɗora kwamishinan lardi, ɗan siyasa, a kujerar da Razdan ke kai a dā. Ta haka ɗan talakan da ya ci zaɓe ya sami ikon duba littafin baitulmalin sarki.

Gwajin wannan tsari ya zo a Kano. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi amininsa ne, ƙusa ne a NPC, ya ma taɓa riƙon kujerar Gwamnan Arewa, kuma masarautarsa ta fi kowace arziki. Sanusi bai yarda akwai wanda ke samansa a ƙasar Kano ba. A 1962 gwamnati ta naɗa wani Bature mai suna Muffett ya binciki kuɗin En'en Kano. A 1963 Sarki Sanusi ya yi murabus, aka kai shi Azare. Muhammadu Inuwa ya gaje shi, ya rasu cikin ƴan watanni, sannan aka naɗa Ado Bayero. Kanawa da yawa ba su yafe wa Sardauna wannan ba, musamman mabiya ɗariƙar Tijjaniyya waɗanda Sanusi ke jagoranta. Sauran sarakuna kuwa sun fahimci saƙon: wanda ya iya taɓa Kano, babu wanda ba zai iya taɓawa ba.

Ta ɗaya gefen kuma, kariyar da ya ba En'e tana da nata farashi, kuma talakawan hamayya ne suka biya. Ƴan NEPU sun sha ɗauri da bulala a kotunan alƙalai da hannun ƴan doka, an hana su izinin taro a garuruwa da yawa. Mutumin da kotun fada ta taɓa ɗaurewa ba bisa ƙa'ida ba, a zamaninsa aka yi amfani da irin kotunan nan a kan waɗansu. Matan Arewa ma ba su sami damar jefa ƙuri'a ba sai a shekarun 1970, bayan ba ya duniya.

Dangantakarsa da Nijar

Iyakar da Ingila da Faransa suka shata a farkon ƙarni ta raba dangi da kasuwanni, amma ba ta raba siyasa ba. Muhawarar da ake yi a Kano kan sarakuna da talakawa ita ake yi a Damagaram da Maraɗi. Jam'iyyar Djibo Bakary ta ɗauki sunan Sawaba, kalmar da NEPU ke kira da ita. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba, 1958, Djibo ya nemi a ƙi tayin Faransa, manyan sarakunan Nijar kuwa suka goyi bayan amincewa, suka yi rinjaye, Diori Hamani ya hau mulki. A 1959 aka haramta Sawaba, da yawa daga cikin ƴaƴanta suka tsallaka Kano suka sami masauki wurin ƴan NEPU. Gwamnatin Kaduna kuwa ta karkata ga Diori, domin dukansu biyu da sarakuna suka dogara, kuma abokan hamayyarsu tsintsiya ɗaya ce. Gyaɗar Damagaram ta ci gaba da bin jirgin ƙasa daga Kano zuwa teku, dabbobin Manga suka ci gaba da sauka Nguru.

Addini da Shekarun Ƙarshe

Sardauna ya yi aikin Hajji na farko a 1955, daga nan kuma kusan kowace shekara sai ya ziyarci Ƙasa Mai Tsarki. A 1962 ya kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna tare da malamai irin su Shehu Abubakar Gumi, a shekarar kuma yana cikin waɗanda suka kafa Rabiɗar Duniyar Musulmi a Makka, aka ba shi mataimakin shugaba. Daga 1963 ya shiga rangadin musuluntar da masu bin addinin gargajiya a lardunan Arewa. Musulmi sun ga jikan Shehu ne ke cika aikin kakansa. Kiristoci da yawa kuwa sun tsorata, suna ganin Firimiyan kowa da kowa ya koma na ɓangare ɗaya. A littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 1962, salsalarsa da garin Raba da Sakkwato su ne suka buɗe labari, alamar inda zuciyarsa take.

A waɗannan shekaru siyasar tarayya ta dagule. An yi rigima kan ƙidayar jama'a ta 1962 da 1963, an yi rigima kan zaɓen Disamba na 1964, sannan zaɓen Jihar Yamma na Oktoban 1965, inda abokin ƙawancensa Samuel Akintola ya ce ya ci, ya jefa jihar cikin ƙone-ƙone. A idon mutanen Kudu da yawa, duk igiyoyin suna hannun mutum ɗaya ne a Kaduna.

Rasuwarsa

A watan Janairu na 1966, cikin azumin Ramadan, Sardauna ya dawo daga Umra. Ranar 14 ga wata Akintola ya zo Kaduna ya gana da shi. A daren, kafin asubahin Asabar 15 ga Janairu, sojoji ƙarƙashin Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu suka far wa gidan Firimiya, suka cinna masa wuta, suka harbe shi. Uwargidansa Hafsatu ta rasu tare da shi. A juyin mulkin nan aka kashe Firayim Minista Tafawa Ɓalewa da Akintola da ministan kuɗi Festus Okotie-Eboh, tare da manyan hafsoshin Arewa, ciki har da Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad, ƴan ƙasar Barno. A Kaduna aka binne Sardauna. Bai kai shekara hamsin da shida ba, bai bar ɗa namiji ba, kuma waɗanda suka san shi sun shaida bai bar tarin dukiya ba.

Abin da ya biyo baya ya fi ƙarfin kowa: kashe-kashen ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa a 1966, juyin mulki na biyu a watan Yuli, da yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Shekara takwas bayan daren Kaduna, ranar 15 ga Afrilu, 1974, sojoji suka hamɓarar da Diori Hamani a Yamai, matarsa Aisa ta rasa ranta a daren.

Abin da Ya Bari

Jihar Arewa da ya yi wa hidima ba ta daɗe bayansa ba. A watan Mayu na 1967 gwamnatin Yakubu Gowon ta raba ta jihohi shida. Cikin ƴan shekaru aka karɓe kotuna da gidajen yari da ƴan doka daga hannun sarakuna, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya kawo ƙarshen En'e. Abin da NEPU ta nema ba ta samu ba a akwatin zaɓe, soja suka zartar da shi da alƙalami. Duk da haka sarautun ba su mutu ba, kamar yadda suka mutu a Gine, inda aka soke su a 1957. Shekaru goma sha biyun da Sardauna ya yi yana saba musu da zama ƙarƙashin doka, da aiki da majalisa, da tura ƴaƴansu makaranta, sun taimaka musu suka jure rashin iko ba tare da sun rasa girma ba.

Gadon da ya nema a 1938 bai taɓa zama nasa ba. Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya yi shekara hamsin a kan mulki, ya rasu a 1988, shekara ashirin da biyu bayan Sardauna. Amma sarautar Sardauna, wadda aka ba shi a matsayin haƙuri, shi ya ɗaukaka ta har ta zama rawanin da masarautu da yawa ke naɗa wa manyan ƴaƴansu, kuma in aka ambace ta ba a haɗa da sunan gari ba, shi ake nufi. Mawaƙa sun kira shi Gamji. Jami'ar Zariya tana ɗauke da sunansa, gidansa na Kaduna ya zama Gidan Arewa inda ake adana takardun tarihi, hotonsa kuma yana kan takardar naira 200.

Allah ya jiƙan Sardauna Ahmadu, ya gafarta masa kurakuransa, ya jiƙan waɗanda suka rasu tare da shi da magabata baki ɗaya. Allah ya ba sarakuna da ƴaƴan sarakuna ikon riƙe amanar talakawa. Amin.